Basilin, man zink ko na silikon: wanne zai kare fatar majinyacin da ba ya iya riƙe fitsari?

Duk gidan da ake jinyar wanda fitsari ko bayan gida ke kuɓuce wa, ko tsohuwa ce da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, ko dattijo mai ciwon mafitsara, ko yarinyar da doguwar naƙuda ta bar wa yoyon fitsari, akwai ranar da mai jinya za ta buɗe famfas ta tarar fatar matse-matsi da ta mazaunai ta canza. Ta fi sauran jiki duhu, tana sheƙi, da ɗumi in an taɓa, majinyaci kuma yana cije baki da zarar ruwa ya sauka a wurin. Daga nan sai shawara ta yi yawa. Wannan ta ce a shafa basilin, waccan ta ce a barbaɗa hoda, mai kemis ya miƙo man da aka haɗa magani uku a ciki. Ba dukansu ne suke taimako ba, wasu ma ƙara ɓarna suke yi.

Kafin a zaɓi mai, gara a san abin da ake son tarewa. Lafiyayyar fata tana da ɗan tsami a samanta, a ma'aunin tsami da ake kira pH, wanda lambarsa ke raguwa in tsami ya ƙaru, tana tsakanin 4.5 da 5.5, kuma wannan tsamin ne ke hana ƙwayoyin cuta sakewa. Idan fitsari ya daɗe a jiki, ƙwayoyin cutar da ke wurin suna mayar da sinadarin yuriya da ke cikinsa ya koma amoniya, wato zarnin nan mai hawa kai da ake ji in an kwance famfas ɗin da ya kwana. Amoniya tana kashe tsamin fata. Ita kuma fatar da ta daɗe a jiƙe kumbura take yi ta yi laushi, irin yadda yatsun wadda ta wuni tana wanki suke komawa, har gogar zanin gado kaɗai ta isa ta saɓule ta. Bayan gida ya fi haka illa, musamman zawo, domin yana ɗauke da sinadaran da hanji ke narkar da nama da maiƙo da su, kuma in suka zauna a kan fata aikinsu suke ci gaba da yi. Amoniyar fitsari ƙara musu ƙarfi take yi. Shi ya sa wanda fitsari da zawo suka haɗe masa, cikin 'yan kwanaki fatarsa na iya ɗayewa.

Aikin man kariya ɗaya ne: ya shiga tsakanin fata da abin da ke jiƙa ta. Wanda zai dace kuwa ya danganta da abu uku. Me ke zuba, fitsari kaɗai ko har da zawo? Fatar tana nan a rufe ko ta buɗe? Da me ake tarewa, famfas ko ƙunzugun zani? Masu bincike a Jami'ar Ghent ta Beljiyam sun fitar da wani tsari a 2017 da ya raba wannan ciwo gida biyu: wanda fata ta yi ja amma ba ta ɗaye ba, da wanda ta ɗaye, kowanne kuma a duba ko ƙwayar cuta ta shiga. Sai dai a irin fatarmu jan ba ya fitowa sosai. Abin da za a gani shi ne wurin ya yi baƙi ko ya yi shuɗi-shuɗi, wani lokaci ma ya fi kewayensa haske. Wanda ya tsaya jiran ganin ja, sai ya makara. A duba da hasken rana ko fitila mai kyau, a kuma taɓa da bayan hannu a ji ko wurin ya fi gefensa zafi.

Basilin shi ne na kowa. Tun 1872 da Robert Chesebrough ya yi masa rajista a Amurka yana nan yadda yake: maiƙo ne da ake tacewa daga ɗanyen man fetur, babu ruwa a cikinsa, ba ya saurin lalacewa, kuma da wuya a sami jikin da ya ƙi shi. Ruwa ba ya ratsa shi, ana hango fata ta cikinsa, ba ya raɗaɗi ko a wurin da ya ɗan buɗe. Ga araha, ga shi ko a teburin mai shagon ƙauye akwai. Idan fitsari ne kaɗai matsalar, fata kuma ba ta ɗaye ba, farin basilin marar turare yana yin abin da ake so. Marar turare dai, domin yawancin waɗanda ake kasawa a kasuwa masu launi da ƙamshi ne, na shafe-shafen hunturu, kuma turaren na iya tayar da fatar da ta riga ta jigata.

Rauninsa yana fitowa ne a wuri biyu. Na farko zafi. A watan Afrilu, a ɗakin kwano a Sakkwato ko Maiduguri, basilin narkewa yake yi ya bi cinya, kafin a jima ya goge a jikin zani, don haka duk wanki sai an sake shafawa. Na biyu, wanda mutane da yawa ba su sani ba, shi ne rashin jituwarsa da famfas. Shimfiɗar da ke taɓa fata a cikin famfas tana da ƙananan ƙofofi da fitsari ke bi ya shige ciki, inda wani gari ke shanye shi ya riƙe. In aka lafta basilin, maiƙon zai koma kan shimfiɗar ya toshe ƙofofin, sai fitsari ya kwanta a sama, a kan fatar da ake ƙoƙarin karewa. Mai jinya ta ga katifa ta jiƙe ta ce famfas ɗin jabu ne, alhali man ne ya yi yawa. Saboda haka mai amfani da famfas ya shafa kaɗan, daidai yadda fata za ta ɗan yi sheƙi. Mai amfani da ƙunzugun zani kuwa wannan bai dame shi sosai ba, kuma a nan ne basilin ya fi dacewa.

Akwai kuma abu biyu da ba na so a tsallake. Basilin yana raunana robar da aka yi da ƙaron roba, don haka in an sa wa majinyaci robar fitsari, wato siririn bututun da ake zurawa cikin mafitsara, kada a bar man yana taɓa ta. Sai batun wuta. Zanin da ya sha maiƙo ya bushe yana kamawa da wuri, yana kuma ci da ƙarfi, wanki ma ba ya fitar da maiƙon gaba ɗaya. Hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta faɗaɗa gargaɗinta a 2018 ya haɗa da duk irin waɗannan mayukan shafawa, bayan mutane sun ƙone a kan gadajensu. Mu da muke shigar da kaskon garwashi ɗakin tsofaffi da hunturu, mu kunna maganin sauro a gindin gado, mu turara shimfiɗa da turaren wuta don kashe zarni, gargaɗin nan ya shafe mu kai tsaye. Wanda ba ya iya tashi da kansa, a nesanta masa wuta.

Man zink, wanda za ku ga an rubuta zinc oxide a jikin robarsa, farin gari ne da ake kwaɓawa da maiƙo. Ƙarfinsa ya danganta da yawan garin. Wanda ake haɗawa da man zurma kashi 7.5 cikin 100 ne. Sudocrem, wanda aka fara haɗawa a Dublin a 1931, kashi 15 ne da ɗoriya. Akwai masu kauri da suke kai kashi 40, irin Desitin mai ƙarfi. Iya yawan garin, iya zamansa a fata da kuma tarewarsa. Idan zawo ne, ban ga wanda ya kai shi ba a cikin waɗanda talaka zai iya saye. Ba ya narkewa ya gudu kamar basilin, yana kwantar da raɗaɗi, yana kuma ɗan tsotse wurin da ke tsattsafo da ruwa. Duk fatar da ta fara ɗayewa sama-sama, man zink mai kauri zan fara nema mata.

Amma yana da nasa wahalar, kuma a wurin cire shi ne aka fi yi wa majinyata illa. Fari ne fat, yana rufe fata ruf, yana kuma manne mata. Mai jinya mai son tsafta sai ta ɗauko soso da sabulu ta kama dirza, wai sai ta ga fari ya fita duka. Abin da man ya gyara da dare, sai soso ya kwashe da safe. Ba haka ake yi ba. In an buɗe an ga bayan gida, a zuba ruwan ɗumi da buta, a sa tsumma mai laushi a ɗauke saman da ya ɓaci kawai, farin da ya rage a ƙasa a bar shi, a ƙara sabo a kai. Sau ɗaya a rana ne ake cirewa duka don a ga halin da fata ke ciki. A jiƙa auduga da man zaitun ko man jarirai, a ɗora a wurin, a dakata minti ɗaya ko biyu. Za a ga farin ya saki ya fara bin audugar da kansa, sai a share a hankali, hannu na tafiya gefe ɗaya, ba gaba da baya ba. In ya ƙi fita a wani lungu, a ƙara mai, kada a ƙara ƙarfi.

Shi ma zink yana toshe famfas in ya yi yawa. Don haka a fitsari a shafa siriri, a zawo a kaurara, tunda a nan kare fata ya fi shanyewar famfas muhimmanci, kuma dama za a canza da zarar an yi. A kuma lura cewa wasu mayukan zink, har da Sudocrem, suna ɗauke da maiƙon gashin tumaki da 'yan sinadaran ƙamshi. Yawancin mutane ba ya yi musu komai, amma in aka ga ƙaiƙayi ya ƙaru bayan an fara, a sauya zuwa wanda ba shi da su.

Na uku shi ne mai silikon, a kwalinsa za a ga dimethicone. Conotrane yana cikinsu, haka ma man Cavilon. Wannan ba shi da maiƙo sosai. Ana shafa ɗan kaɗan ya ɓace cikin fata, ya bar wani siririn rufi da ruwa ke gangarewa a kansa, iska kuma tana ratsawa. Ana ganin fata, ba ya ɓata zani, ba ya toshe famfas kamar na baya, wasu ma suna jure wanki biyu ko uku kafin a sake. Ga mai yoyon fitsarin da ke tashi yana harkokinsa, yana zuwa masallaci ko kasuwa da famfas a jikinsa, wannan ya fi daɗin zama a jiki. Sai dai a gaban zawo ba shi da ƙarfin zink, ingancinsa ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuma wasu, kamar Conotrane, an haɗa su da maganin kashe ƙwayoyin cuta wanda kan yi zogi a buɗaɗɗen wuri. Ya fi tsada, kuma sai a manyan shagunan magani na birni.

Akwai kuma na fesawa ko na gogawa da ɗan soso, wanda yake bushewa ya zama wata siririyar fata a kan fata. Kamfanin da ke yin Cavilon na fesawa ya ce yana iya kai awa 72, kodayake in ana yawan wanki ba ya kai haka. A tabbatar marar barasa ne, domin mai barasa azaba ce a wurin da ya ɗaye. Bayan an fesa a riƙe matse-matsi a buɗe kamar minti ɗaya har ya bushe, in ba haka ba fata za ta manne da 'yar'uwarta. Ba a ɗora masa wani mai a kai. Yana da amfani ƙwarai ga majinyacin da taɓawa ke yi wa ciwo, amma samunsa da kuɗinsa sun sa ba zan ce kowa ya dogara da shi ba.

Wani zai ce to wanne ne bincike ya tabbatar ya fi? Nazarin da cibiyar Cochrane, mai tattara sakamakon binciken lafiya, ta fitar a 2016, wanda ya tattara gwaje-gwaje 13, bai sami hujja mai ƙarfi da za ta ɗora wani mai a kan wani ba. Abin da ya nuna shi ne wanki da sabulu bai yi wa fata kyau ba, kuma barin sabulu tare da shafa man kariya ya fi barin fata haka nan. Wannan ya kamata ya kwantar da hankalin wanda ba shi da kuɗin na waje. Robar basilin ko ta zink da ake shafawa duk bayan wanki ta fi mai tsadar da ake tattali, ana shafawa sai an ga wuri ya ɓaci.

Ga yadda nake ganin zaɓin. Tsohuwar da ke kwance, fitsari kaɗai, ana sa mata zani ana canzawa a kai a kai: farin basilin ya ishe ta. In famfas ake sa mata, mai silikon in da hali, in babu, basilin ko zink siriri. Da zarar zawo ya shigo, ko fata ta fara buɗewa, a koma zink mai kauri, kada a tsaya jiran basilin ya yi abin da ba zai iya ba. Kuma kada a jera mai uku a kan juna, a zaɓi ɗaya a tsaya a kansa 'yan kwanaki a ga aikinsa.

Man kaɗanya fa? Ina girmama shi, yana laushin fata, kuma ga busasshiyar ƙafa da bayan tsoho yana da kyau ƙwarai. Amma ɗumin jiki na narkar da shi, fata ta shanye, ba ya tsayawa ya tare zawo. In shi kaɗai ke hannu, a nemi tsaftatacce a shafa, ya fi babu. Hoda kuwa a bar ta. Tana haɗuwa da gumi da fitsari ta dunƙule a lungu, ta riƙa gurzar fata. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake ɗigawa a ruwan wanka don ƙamshi, irin na goge ƙasa da banɗaki, ƙona wurin yake yi. Man zafi ko kusa kada ya je.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne mayukan nan masu haɗin magani uku da ake sayarwa ba tare da takardar likita ba. A cikinsu akwai sinadarin sitiroyid mai ƙarfi, wato maganin kwantar da kumburi da ƙaiƙayi. Kwana biyu na farko ƙaiƙayi zai lafa, kowa ya ce an dace. Amma a cikin famfas, wuri a rufe ga ɗumi ga danshi, fata tana shan maganin fiye da ƙima, sai ta yi siriri ta riƙa tsagewa. In likita ne ya rubuta na 'yan kwanaki, wannan daban. Abin da ya kamata mai jinya ta iya ganewa da kanta shi ne shigar fangas, wato ƙwayar cutar fata mai son wuri mai danshi: ƙaiƙayi mai tsanani, gefen wurin yana ɓarewa, ga ƙananan ƙuraje sun watsu a waje da babban tabon. Ya fi kama masu ciwon suga da waɗanda suka sha maganin kashe ƙwayoyin cuta kwanan nan. A nan man kariya kaɗai ba zai yi ba. Ana shafa man fangas, irin clotrimazole, safe da yamma, a bari ya shiga, sannan a ɗora man kariya a sama.

Duk wannan ba zai yi tasiri ba in wankin bai gyaru ba. Al'adarmu ta tsarki da ruwa alheri ce a nan. Ruwan ɗumi a buta, tsumma mai laushi, daga gaba zuwa baya, musamman ga mace. Sabulun sanda yana kai 9 zuwa 10 a ma'aunin pH, don haka kashe tsamin fata yake yi kamar amoniya. A ajiye shi sai in bayan gida ya kama, a kuma ɗauraye sosai. A tsane ruwan da dannawa, ba gogawa ba, a bar wurin ya sha iska 'yan mintoci kafin a shafa mai, domin man da aka shafa a jiƙaƙƙiyar fata danshi yake kullewa a ciki. Ledar da ake shimfiɗawa don kare katifa kada ta taɓa jiki, a ɗora zani a kanta. Haɗa famfas biyu don ya kai safe ba ya ƙara komai sai zafi da gumi. A kuma rufe ƙofa, a lulluɓe inda ba a aiki a kai, a riƙa magana: "Baba, zan juya ka, ka yi haƙuri, ruwan da ɗumi." Mutumin da ya yi shekara saba'in yana rufa wa kansa asiri, wannan lokacin yana yi masa nauyi fiye da ciwon. Kada kuma a hana shi shan ruwa don rage fitsari, sai in likita ne ya ƙayyade saboda zuciya ko ƙoda. Fitsarin wanda ba ya shan ruwa ya fi kauri, ya fi zarni, ya fi cin fata.

Akwai ciwon da ke kama da wannan amma ba shi ba ne, wato gyambon kwanciya. Shi yana fitowa ne a kan tsinin ƙashi, a ƙasan gadon baya, a ƙugu ko a diddige, da'ira ce mai iyaka, yana zurfi, wani lokaci tsakiyarsa ta yi baƙi. Na fitsari kuwa shimfiɗe yake, ba shi da zurfi, yana bin lungu da saƙo. Babu man kariyar da ke warkar da gyambon kwanciya. Juya majinyaci duk bayan awa biyu da kai shi ga ma'aikatan lafiya ne maganinsa. Haka nan in an ga mugunya, wari na daban, kumburi mai yaɗuwa ko zazzaɓi, ko kuma an yi kwana uku zuwa biyar ana kula yadda ya kamata wurin bai sauya ba, lokacin asibiti ya yi.

Ga masu yoyon fitsari na bayan haihuwa, basilin ko zink zai rage musu raɗaɗin cinya da gaba, kuma fata mai lafiya tana taimakawa ranar tiyata. Amma man na jira ne kawai, domin yawancin irin wannan yoyo ana ɗinke shi. Akwai cibiyar gwamnatin tarayya a Babbar Ruga a Katsina da wata a Ningi ta jihar Bauchi, akwai sashen Laure a asibitin Murtala na Kano, akwai kuma cibiyar Danja kusa da Maraɗi a Nijar. In yoyon sabo ne, cikin makonnin farko bayan haihuwa, a hanzarta, domin wani lokaci robar fitsari kaɗai da za a sa na 'yan makonni tana iya sa ƙaramar ɓular ta rufe ba tare da an yi tiyata ba.